Ɗaurin notin injin tsohuwar mota: ƙarfin hannu ba ma'auni ba ne

In kana da tsohuwar mota, ko kana tuƙa ta wani, ko kuwa kana koyon aiki a gareji, wannan bayani naka ne.

Ka sha ganin haka. An buɗe inji an gyara, an zo mayar da kansa. Maigida ya miƙa wa yaro sifana, ya ce ya ɗaure da kyau. Yaro ya ja iya ƙarfinsa, bai gamsu ba, sai ya samo guntun bututun ƙarfe ya zura wa sifanar, ya ɗora ƙafa ya danna. Noti ya yi ƙara, kowa ya ce ya ɗauru. Bayan mako biyu ko uku, mota na tsakanin Tawa da Abalak da fasinja da buhunan hatsi, sai lagireto ya soma tafasa. Farin hayaƙi na fita ta baya. In an zaro sandar awon baƙin mai, sai a ga man ya koma kamar an dama shi da nono. Mai mota zai ce an sayar masa da gaskit na jabu. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Amma sau da yawa gaskit ba shi da laifi, ɗaurin ne aka ɓata tun a gareji.

Kowane noti na cikin inji yana da adadin ƙarfin da ya kamata a ɗaure shi da shi. Masu ƙera motar sun auna wannan adadi, sun rubuta shi cikin littafi. Wanda ya iya karanta lamba yana iya samunsa, yana kuma iya aiki da shi.

Noti kamar igiyar ɗaurin kaya ne

Abin da ake nufi da noti a nan shi ne ƙarfen nan mai kai da dogon jiki, wanda aka yanka masa layi yana kewaye shi kamar an naɗa zare. Wannan layi shi za mu riƙa kira zaren noti.

Ido yana ganin noti kamar abu ne sandararre da ba ya motsi. Ba haka ba ne. In ka murɗa shi yana shiga, jikinsa yana miƙewa kaɗan, miƙewar da ido ba ya gani. Ƙarfen kuma yana son komawa yadda yake. Wannan jan da yake yi don ya koma, shi ne ke matse kan inji bisa gangar inji. Dubi igiyar da ake ɗaure kaya bisa jaki. In ta yi sako-sako, kaya su karkace su zube. In an ja ta fiye da kima, ta tsinke, ko kuwa ta saki ta daina riƙo har abada. Noti ma haka yake. Akwai iyakar da in ya wuce ta wajen miƙewa, ba ya sake komawa. Daga nan ƙarin murɗawa ba ya ƙara riƙo, sai dai ya kusantar da shi ga karyewa.

Aikin da waɗannan notoci ke yi ba ƙarami ba ne. Ɗauki injin fetur na Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, mai girman 1971 cc. Faɗin kowane fistin nasa milimita 88 ne. Duk lokacin da mai ya kama wuta cikin silinda, ƙarfin da ke tura fistin ƙasa shi ne kuma ke tura kan inji sama, kuma yana kai nauyin tan 3 ko wajen haka. Wannan bugu yana faruwa sau dubbai cikin minti ɗaya. Notoci goma ne ke riƙe da kan injin. Tsakanin kai da ganga akwai shimfiɗa siririya, ita ce gaskit. Ita ke raba wuta da ruwa da baƙin mai, kowa ya bi hanyarsa. Ba ta iya wannan aiki sai an matse ta daidai wa daida ta kowane gefe.

In ɗauri ya gaza, wuta ta sami kafa ta ƙone gaskit. In ya yi yawa, ɗaya daga cikin uku: noti ya miƙe ya saki, ko zaren cikin rami ya cinye, ko kan inji ya lanƙwashe. Kan injin 504 na fetur da alminiyam aka yi shi, ƙarfen nan mara nauyi da maƙera ke narkawa su zuba tukwane a Katako ta Yamai da sauran kasuwanni. Gangar kuwa baƙin ƙarfe ce. In zafi ya taso, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa. Ke nan notin da aka riga aka ja har iyakarsa da sanyin safiya, me zai same shi da azahar cikin watan Afrilu, mota na hawa da lodi? Masu ƙera inji sun bar wa wannan buɗewa wuri cikin lissafinsu. Mai bututun ƙarfe shi ke cinye wurin.

Yadda ake auna ƙarfin murɗawa

Lissafin ba shi da wuya. Abu biyu ne ake haɗawa: nauyin jan da ka yi, da tsawon hannun sifana. Sai a ninka wannan da wancan.

In hannun sifana mita 1 ne, ka ja bakinsa da nauyin kilo 5, ƙarfin murɗawa ya zama mita-kilo 5. In hannun rabin mita ne, sai ka ja da nauyin kilo 10 kafin ka sami wannan adadi. In santimita 25 ne, sai kilo 20. Shi ya sa doguwar sifana ke kwance notin da gajera ta kasa.

To yanzu mu koma ga yaron nan. A ce nauyinsa kilo 60, bututun kuma mita 1. Da ya hau bakin bututun, ya ɗora wa noti mita-kilo 60. Notin da kaurinsa milimita 8 ne, irin wanda ya cika cikin inji, abin da yake bukata bai wuce mita-kilo 2 da rabi ba. An ba shi fiye da ninki ashirin ke nan.

Littattafan gyaran mota ba su rubuta wannan awo da suna ɗaya ba, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Ga waɗanda za ka tarar:

N.m, wato niyuton-mita. Shi ne aka fi amfani da shi a yau, shi ne kuma ke rubuce jikin yawancin sifanu masu ma'auni.

m.daN, ko daN.m. Littattafan Faransa sun fi son wannan. 1 m.daN daidai yake da 10 N.m.

m.kg, ko kg.m, wato mita-kilo da muka yi lissafi da shi. 1 m.kg yana daidai da 9,8 N.m. A aikin yau da kullum kana iya ɗaukarsa 10.

kg.cm. Tsofaffin littattafan Toyota suna amfani da shi. Raba shi da 100 ka sami m.kg.

lb.ft, ko ft.lb. Wannan na Ingila da Amurka ne. 1 lb.ft yana daidai da 1,36 N.m.

Ga misali na gaske. Injin fetur na Toyota mai suna 22R, wanda ke cikin Hilux da yawa na shekarun 1980, ana ɗaure notocin kansa 78 N.m. Wani littafi zai rubuta 800 kg.cm, wani 8 m.kg, wani 58 lb.ft. Duk abu ɗaya suke faɗi. Amma in ka ga 58 cikin littafin Turancin Ingilishi, ka saita sifanarka bisa 58 N.m, ka rage kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaurin ba ka sani ba. Saboda haka kada ka tsaya ga lamba kaɗai. Karanta haruffan da ke bayanta, ka dubi haruffan da ke jikin sifanarka, ka tabbata iri ɗaya ne. Ka lura kuma da waƙafi: littafin Faransanci in ya rubuta 2,5 yana nufin biyu da rabi, ba ashirin da biyar ba.

Ina ake samun adadin?

A littafin gyaran wannan motar, na wannan injin, na wannan shekarar. Ga motocin Faransa akwai jerin littattafan nan da ake kira Revue Technique Automobile, kowace mota da nata. Nemi shafin da aka rubuta "couples de serrage", ma'anarsa ƙarfin ɗauri. Kalmar "culasse" ita ce kan inji, "joint de culasse" shi ne gaskit, "bielle" kuwa ita ce sandar da ta haɗa fistin da karanshaf. Wanda ya gane waɗannan kalmomi huɗu da lambobi ya iya amfani da shafin, ko da bai ji sauran Faransancin ba. Gaskit mai kyau kuma yakan zo da takarda cikin kwalinsa, mai zanen jerin notoci da adadin ɗaurinsu. Kada a bar yara su yar da ita.

Sunan mota kaɗai bai isa ba. An fara ƙera 504 a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Cikin wannan tsawon zamani an sa mata injuna iri-iri, na fetur da na gazuwal, kuma hanyar ɗaurinsu ba ɗaya ba ce. Ban da haka, tsohuwar motar da ta yi shekara talatin tana zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Dakwaro, da wuya a ce injin da ta fito da shi ne har yau ke cikinta. Nemi lambar da aka buga jikin gangar inji, ita za ta gaya maka ko wane ne.

Kada kuma ka ɗauki adadin wata mota ka kai wa wata. Tsohuwar Volkswagen mai inji a baya, wadda iska ke sanyayawa, ɗaurin kan injinta bai wuce 32 N.m ba. In makaniken da hannunsa ya saba da Toyota ya ba ta 78, zai tumɓuke zaren daga jikin gangar.

In babu littafi, akwai adadin da aka sani na notoci gama-gari, gwargwadon kaurinsu da ingancin ƙarfensu. Dubi kan noti, za ka ga lamba a buge: 8.8, ko 10.9, ko 12.9. Lambar farko tana nuna ƙarfin ƙarfen: na 10.9 ya fi na 8.8, na 12.9 ya fi su duka. Wanda aka buga wa 4.6, da wanda aka saya kasuwa ba komai a kansa, na ƙofa ne da amalanke, ba na inji ba. Ga noti mai 8.8, adadin ya kusanci haka: mai kaurin milimita 6, 10 N.m; mai 8, 25 N.m, mai 10, 50 N.m, mai 12, 85 N.m. Na ƙarshen nan, in an ɗaure shi haka, yana matsawa da nauyin kusan tan 4.

Amma a kula da abu biyu. Na farko, waɗannan lambobi na ƙananan wurare ne, kamar maƙalin dinamo ko famfon ruwa. Kan inji, da sandar fistin, da mazaunin karanshaf, da babban faifan bayan inji, waɗannan sai da adadin littafi. Na biyu, lambar sifana ba ita ce kaurin noti ba. Noti mai milimita 8, sifana 13 ke kama shi a motar Faransa, amma a motar Japan sifana 12 ce. Mai milimita 10, sifana 17 ce a tsohuwar Peugeot, 14 a Toyota. Jikin noti ake aunawa, ba kansa ba. Tsofaffin Land Rover kuwa da awon inci aka yanka yawancin zarensu. Notin milimita zai shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije, in ka tilasta masa ka kashe ramin.

Tsabtar zare ita ce rabin aiki

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Cikin ƙarfin da kake sawa ga sifana, kusan kashi tara cikin goma gugar ƙarfe da ƙarfe ke cinye shi, a cikin zare da ƙarƙashin kan noti. Kashi ɗaya ne kawai ke zama riƙo. Ma'anar wannan ita ce, duk abin da ya sauya santsin zare ya sauya riƙon, ko da sifana ta nuna adadin da ake so.

In akwai tsatsa ko rairayi cikin zare, sifana za ta nuna an kai, alhali noti bai ja komai ba. Wannan shi ne ciwon tsofaffin injuna a ƙasarmu, inda ake aiki a fili, iskar hunturu na zuba ƙura cikin kowane rami. In kuwa aka shafa mai inda littafi ya ce a bari busasshe, noti zai wuce iyaka kafin sifana ta yi magana. Don haka littafi yake faɗin ko a shafa mai ko kada a shafa. Wannan magana ba ado ba ce, ɓangaren adadin ce.

Wanke kowane noti da gazuwal da burushin ƙarfe. Share ramukan ganga ɗaya bayan ɗaya. In ba ka da ƙarfen gyaran zare, ɗauki tsohon noti mai lafiya irin na wurin, ka yanka masa tsagi biyu a tsaye da zarto, ka riƙa shigar da shi kana fitarwa. Dattin zai taru cikin tsagin. Bayan haka, noti ya kamata ya shiga har ƙasa da yatsu kawai. In ya tsaya a hanya, aiki bai ƙare ba.

Sai kuma ruwa ko mai da ya kwanta cikin rami mai toshe a ƙasa. Ruwa ba ya matsuwa. In noti ya sauko bisansa, ko dai ya tsaya bai matse gaskit ba, ko kuwa ruwan ya tsaga gangar ta ciki. Tsane kowane rami da tsumma a bakin waya, ko ka hura shi da famfon taya, kana kare idonka.

Dubi notocin su kansu. Mirgina kowanne bisa gilashi ko wani abu mai shafaffen fuska, lanƙwasasshe zai nuna kansa. Jera su ka gwada tsawonsu. Wanda ya fi ƴan'uwansa na wuri ɗaya tsawo, ko wanda jikinsa ya sirance a tsakiya kamar ƙugun zanzaro, ya gama aiki. Shi kuma kan inji, ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da a karkace, ka duba ko akwai kafa a ƙarƙashi. Lanƙwasar da yawancin injuna ke yarda da ita tana tsakanin 0,05 da 0,10 na milimita, wato kamar kaurin gashin kai ɗaya. In ta wuce haka, sai an kai shi wurin masu injin shafe ƙarfe. Babu ɗaurin da ke miƙe karkataccen kai.

Masu 404 da 504 na fetur, ga wani gargaɗi naku na musamman. Silindar waɗannan injuna ba a jikin ganga aka huda ta ba. Bututu ne da ake zurawa a ciki, ruwa na kewaye da shi. Littafi yana kiransa "chemise", wato riga. Kan inji ne ke danne waɗannan riguna. In ka cire kai, ka juya inji ba ka danne su da wani abu ba, fistin zai ɗaga riga, abin toshiyar da ke ƙarƙashinta ya motsa, ruwa ya riƙa sauka cikin baƙin mai. Daga nan ko ka ɗaure kai daidai da littafi, ruwa ba zai daina zuba ba, sai an sake buɗewa. Danne su da manyan wasoshi da gajerun notoci tun daga lokacin da kai ya tashi.

Daga tsakiya zuwa gefe, kuma sannu-sannu

In za ka shimfiɗa tabarmar da ta daɗe a naɗe, daga tsakiya kake lallashinta zuwa baki, in ba haka ba ta yi tudu. Kan inji ma daga notocin tsakiya ake farawa, a riƙa tsallakawa wannan gefe da wancan, ana faɗaɗawa har a kai na ƙarshe. Littafi yana da zane mai lamba 1 zuwa 10. Bi shi yadda yake. Wajen kwancewa kuwa akasin haka ake yi, daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, kuma sai inji ya huce sarai. Kwance kan alminiyam da zafinsa yana daga cikin abubuwan da ke lanƙwasa shi.

Ba a kai noti ga cikakken adadi a ja ɗaya. In adadin 78 ne, zagaya duka goma da 30, ka sake zagayawa da 55, sannan ka gama da 78, sai in littafi ya faɗi wasu matakai dabam. Dalili shi ne, duk notin da ka ɗaure yana danne gaskit, maƙwabcinsa kuma ya ɗan saki.

Wasu injuna ba a gama ɗaurinsu da adadin sifana. Littafi zai ce a kai noti ga ƙaramin adadi, sannan a ƙara murɗa shi digiri kaza. An fito da wannan hanya ne saboda matsalar guga da muka ambata: zagaye ɗaya na noti yana shigar da shi tsawon da aka sani, ko zare na da santsi ko babu. Cikakken zagaye digiri 360 ne. Digiri 90 shi ne rubu'in zagaye, kamar dogon hannun agogo ya tashi daga 12 ya sauka kan 3. Kan noti yana da fuska shida, daga kusurwa zuwa kusurwa digiri 60. Ɗiga wa kowane noti fenti ta gefen da ke fuskantar gaban mota kafin ka fara, don ka ga inda ya tsaya, ka kuma san wanda ka riga ka yi in an kira ka tsakiyar aiki. Cikin injunan da ake ɗaurewa haka, akwai waɗanda da gangan ake kai notinsu bakin iyakar miƙewa. Irin waɗannan, littafi zai ce a sa sababbi, ko a auna tsawonsu kafin a mayar. Kuɗin notoci goma bai kama ƙafar kuɗin inji ba.

Tsofaffin injuna da yawa suna bukatar a sake duba ɗaurin bayan mota ta yi tafiya kamar kilomita 1000, domin gaskit yana kwantawa. Wasu gaskit na zamani ba su bukatar haka. Takardar cikin kwali za ta faɗa. In an sake ɗauri, a sake gyara tazarar bawul, domin kai ya ɗan sauka. Direbobi da yawa in mota ta tashi lafiya ba su komowa, su ga kamar makanike na neman ƙarin kuɗi ne. Wannan komowar ta awa ɗaya ita ce mafi arahar aiki cikin gyaran duka.

Sifana mai ma'auni

Faransanci yana kiranta "clé dynamométrique". Iri biyu aka fi gani. Akwai mai allura, wadda ke nuna adadi bisa faranti yayin da kake ja. Ba ta da tsada, ba ta kuma saurin lalacewa, sai dai dole idonka ya kasance daidai saman allurar. Akwai kuma wadda ake saitawa a hannu, in an kai adadi ta yi ƙas. Da ka ji wannan ƙara, tsaya. Masu sake ja sau biyu ko uku don su tabbata, ƙari suke yi.

Riƙe ta a wurin riƙo, ka ja a hankali ba tare da fizga ba. Kada ka zura mata bututu, kada ka kwance noti da ita, kada ka mai da ita guduma. Mai yin ƙas ɗin nan, in an gama aiki a mayar da saitinta ga adadi mafi ƙanƙanta kafin a ajiye, don kada sifirin cikinta ya gaji. Kana iya gwada gaskiyarta da kanka. Kama bakinta cikin matsi, hannun ya miƙe a kwance. Auna daga tsakiyar baki zuwa tsakiyar wurin riƙo. In santimita 40 ne, ka rataya nauyin kilo 10 a nan, ya kamata ta nuna kusan 39 N.m.

In gareji ɗaya bai iya sayenta ba, gareji uku ko huɗu na layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi, ko ƙungiyar makanikai ta saya ta ajiye wurin mutum ɗaya mai amana. Ba kullum ake buɗe inji ba.

In kuma ka sami kanka inda babu ita sam, ma'aunin rataye irin na masu sayen hatsi yana fitar da kai. Auna rabin mita daga tsakiyar noti bisa hannun sifana, ka yi alama. Maƙala ƙugiyar ma'auni a nan, ka ja ta gicciye, yadda ma'auni da hannun sifana za su yi kusurwa kamar ta bango da ƙasa. Abin da littafi ya faɗa da m.kg, ninka shi biyu, shi ne kilon da za ka ja. Ga 8 m.kg, kilo 16 ke nan. Bai kai sifana ta gaskiya ba, amma ya fi ƙiyasin hannu nesa ba kusa ba.

Ƙananan notoci da ke jawo babbar asara

Notocin sandar fistin guda biyu ne ga kowace sanda, ƙanana ne kuma, amma babu waɗanda suka fi su shan wahala. In ɗaya ya saki ko ya tsinke inji na gudu, sandar takan fasa gangar ta fito waje, inji ya zama na masu awon ƙarfe. Nan ba wurin ƙiyasi ba ne ko kaɗan.

Buji, wanda a Nijeriya ake kira fulogi, shi ne aka fi ɓata wa rami, domin ƙarfe ne mai tauri cikin alminiyam mai laushi. Fara shigar da shi da yatsu, inji a sanyaye. Mai zaren milimita 14 da wasa a gindinsa yana son 25 zuwa 30 N.m cikin kan alminiyam. In babu ma'auni, sabo ana ƙara masa kamar rabin zagaye bayan ya zauna. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan motsi kaɗan ya ishe shi, domin wasansa ya riga ya kwanta. Akwai kuma buji mara wasa, mai gindi a fiƙe. Shi bai wuce 10 zuwa 20 N.m ba, rabin zagaye zai yi masa yawa ƙwarai. Notin zubar da baƙin mai ma haka: in yana ɗiga, sabon wasan jan ƙarfe yake so, ba ƙarin ja ba. Ramin da zarensa ya riga ya cinye ana iya ceto shi da zaren waya na musamman da ake dasawa ciki, irin wanda ake kira Helicoil, maimakon cusa noti mafi kauri da ƙarfin tsiya.

Ka sami ɗan littafin rubutu ka ajiye a gareji, ko cikin akwatin gaban mota. Kowane inji ka ba shi shafi: sunansa da lambarsa a sama, adadin kan inji da matakansa, na sandar fistin, na mazaunin karanshaf, na buji, kowanne da haruffan awonsa a bayansa. Zana murabba'i mai tsawo, ka sa ɗigo goma, ka rubuta jerin lambobin ɗauri, ka nuna inda gaban mota yake da kibiya. A ƙasan shafi rubuta ranar da aka ɗaure kai da abin da agogon kilomita ya nuna a ranar, ka ƙara 1000 a kai, ka gaya wa direba ya komo in allura ta kai wannan lamba.